Tsohuwar Mota Mai Zafin Gudu Don Zuwa Aiki: Yadda Za Ka Saya, Da Yadda Za Ka Riƙe Ta

Abin da ke jan mutum ga tsofaffin motoci masu zafin gudu, irin gajerun nan da ke lafe a ƙasa, shi ne farashinsu ya faɗi warwas. Motar da a zamaninta sai mai hannu da shuni, bayan shekara 15 ko 20 sai ka same ta a kuɗin ƙaramar motar iyali. Amma fa kuɗin saye ne kaɗai ya faɗi. Kuɗin taya da birki da kayan gyara da ladan bakanike suna nan yadda suke tun ranar da ta fito daga kamfani, wasu ma sun ƙaru saboda kayan sun fara wuyar samu. Ga kuma ƙarin nauyi: motar shaƙatawa ta ƙarshen mako tana iya kwana 14 a gareji ba wanda ya damu, amma motar zuwa aiki dole ta tashi ranar Litinin da safe. Saboda haka abin da za ka saya a gaskiya shi ne kulawar da masu motar na baya suka yi mata. Sunan da ke manne a bonet yana zuwa ne daga baya.

Ka fara da hanyarka, kafin ka fara da mota

Zauna ka dubi hanyar da kake bi kullum. Idan rabin tafiyar a cunkoso take ƙarewa, giyar hannu mai kulocin nan mai tauri za ta gajiyar da ƙafarka ta hagu, kuma kulocin kansa zai ci da wuri. Idan hanyar cike take da ramuka da tudun rage gudu, motar da cikinta ke dab da ƙasa za ta riƙa karce salansa da bamba. Idan kuwa tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba, injin ba zai samu zafin da zai ƙone damshin da ke taruwa a cikin baƙin mai ba, dole ka riƙa juye shi da wuri.

Abu biyu ka bincika tun ba ka je ganin mota ba. Na farko inshora, domin kamfanoni kan ɗora wa irin waɗannan motoci kuɗi fiye da na sauran, musamman idan direban matashi ne. Na biyu irin fetur ɗin da injin ke buƙata. Da yawansu suna son mai lambar inganci (octane) 95 ko 98, kuma yawanci an rubuta a jikin murfin tanki. In ba a samun irinsa a inda kake, ka haƙura da wannan samfurin.

Shawarata a kan kuɗi ita ce kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Ware kashi ɗaya cikin huɗu, ko ma cikin uku, ka ajiye domin gyaran watannin farko. Za ka taɓa shi, ko da motar ta fi kowace kyau.

Wace mota?

Kowane samfuri yana da ciwon da aka san shi da shi, kuma amfanin tsohuwar mota ke nan: duniya ta riga ta gama gano laifinta.

Mazda MX-5 ita ce aka fi ba wa mai farawa shawara a kanta, kuma da dalili. Tun 1989 ake ƙera ta, a 2016 aka cika guda miliyan ɗaya, don haka kayan gyaranta ba su da wuya. Injinta ƙarami ne, ba ya shan mai sosai, ba ta da nauyi balle ta cinye taya da birki. Babban abokin gabarta tsatsa ne, musamman a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa da kewayen tayoyin baya. Kujera biyu ce kawai, but ɗin ma ɗan mitsitsi, sai ka tabbata rayuwarka za ta shiga ciki.

BMW jerin 3 zubin E46, wanda aka yi daga 1998 zuwa 2006, ta fi dacewa da mai doguwar tafiya. Injinta mai silinda 6 yana da ƙarko, amma kayan sanyaya shi da yawa na roba ne: tankin ruwa, da bakin lagireto, da gidan tamostat. Da tsufa sai robar ta bushe ta fashe ba sallama. An kuma san ta da tsagewar ƙarfen ƙasa a inda aka ɗaure ƙafar baya, kuma wannan gyara ne na walda, ba na sifana ba.

Volkswagen Golf GTI zubi na 5, na 2004 zuwa 2009, ita ce ta fi kama da motar mutum mai iyali, ga kujerar baya ga but. Tana da turbo, tana da wani ɗan ƙaramin ƙarfe a ƙarƙashin famfon fetur da ke cinyewa a hankali, wanda canza shi ba wani abu ba ne, amma barinsa na iya lalata kamshaf. In mai giyar DSG ce, wato wani nau'in giya mai canza kanta, ana canza man giyar duk kilomita 60,000, kuma ka nemi shaidar an yi. Toyota Celica ta 1999 zuwa 2006 ba ta da hayaniya, sai dai wasu na shekarun farko masu injin 1.8 suna shan baƙin mai. Nissan 350Z ƙarfi gare ta, injin V6 mai lita 3.5, amma ita da gidan mai aminan juna ne.

Akwai guda biyu da ba zan ba wa mai mota ɗaya tilo shawara a kansu ba. Mazda RX-8, ta 2003 zuwa 2012, injinta ba na fistin ba ne, mai juyawa ne. Da gangan yake ƙona baƙin mai, ba ya son a tashe shi a kashe nan take yana sanyi, kuma ba kowane bakanike ne ya san cikinsa ba. Sai Porsche Boxster ta farko, 1996 zuwa 2004, wadda ke da wani boris a cikin injin da in ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. Motoci ne masu daɗi, amma na wanda ke da wata motar a gida.

Ƙa'idar da ta fi duk waɗannan sunaye: ka nemi bakaniken da ya san motar kafin ka nemi motar. In babu shi kusa da kai, ko kayan gyara sai an yi odarsu an jira sati uku, to ba motar zuwa aiki ba ce.

Mai motar da takardunsa

Da ka ga wadda ta yi maka, fara da tambayoyi. Kada ka ce, "Lafiyarta ƙalau?" domin amsar a bayyane take. Ka ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka canza taimin bel, kuma wa ya canza? Wane baƙin mai kake zuba mata? Me ya rage da ka so gyarawa ba ka samu dama ba?" Wanda ya kula da motarsa zai amsa har ka gaji da ji, ya ɗauko maka rasit. Wanda ya ce, "Ai ba ta taɓa ba ni matsala ba, mai kawai nake zubawa," ya gaya maka gaskiya ba tare da ya sani ba: duk gyaran da ya tsallake kai zai jira.

Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ce a motocin da aka yi daga 1981. Ka gwada wadda ke jikin takarda da wadda ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofa, su zo ɗaya. Da wannan lambar ce kuma za ka bincika ko kamfani ya taɓa kiran motar domin gyara, musamman batun jakar iskar kamfanin Takata da ya shafi miliyoyin motoci na shekarun 2000, har da BMW da Honda da Mazda.

Ka guji motar da aka yi wa ƙare-ƙare. An sauke ta ƙasa, an sa mata ƙatuwar salansa, an taɓa kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi: duk wannan yana gaya maka irin tuƙin da ta sha. Gara mai kilomita da yawa a hannun dattijo mai ajiye rasit, da mai kilomita kaɗan da ta ratsa hannun samari huɗu.

Dubawa: a nan ne za ka ɓata lokaci

Ka je da rana, ba da dare ba, ba kuma cikin ruwan sama ba, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi. Ka roƙi mai motar kada ya tashe ta kafin ka iso. Da isarka ka buɗe bonet ka kai bayan hannunka kusa da injin. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma sau da yawa akwai abin da ake ɓoyewa, domin yawancin ƙarar injin da hayaƙi a tashin farko suke fitowa.

Kafin a murɗa makulli, zaro sandar gwajin baƙin mai ka ga ko ya kai alama. Buɗe murfin zuba mai ka juya shi. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, yana iya zama damshin gajerun tafiye-tafiye ne kawai, yana kuma iya zama gaskit ya ƙone ruwa na haɗuwa da mai. Don ka bambance, duba tankin ruwan lagireto: in akwai maiƙo yana yawo a saman ruwan, ko ruwan ya koma kalar tsatsa, ka ɗauki abin da muhimmanci. Matsa tiyon ruwa da yatsu. Mai lafiya yana da ɗan tauri yana dawowa, wanda ya mutu kuwa ko dai ya yi laushi tuɓus ko ya ƙandare. Injin da aka wanke tas yana ƙyalli a tsohuwar mota ba ya burge ni. Na fi son in gan shi da ƙurarsa, in ga inda mai ke tsiyaya.

Yanzu a juya makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da an tashi injin ba. Fitilar injin, da ta ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki), da ta jakar iska, da ta baƙin mai, dole dukansu su kama, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne.

Sa wani ya tashe ta, kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa. Ɗan farin tururi da ke ɓacewa cikin minti kaɗan ba komai ba ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga silinda. Mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko bawul ko turbo. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, wanda galibi ya fi sauran sauƙin gyara.

Daga nan sai jiki. Tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefen motar daga gaba har zuwa baya, za ka ga inda fenti ya yi tudu ko launi ya ɗan bambanta. Dubi tazarar da ke tsakanin bonet da fenda, hagu da dama su zama daidai. Ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle yana da amfani: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin da fila, sai dai ka tuna wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, ba zai kama ba dama. Ɗaga kafet ɗin but ka duba ramin safaya. Ruwa a kwance, ko ƙarfe a lanƙwashe, ko sabuwar walda, duk labarin hatsari ne ko yoyo. Tsatsar saman fenti ana gyarawa. Tsatsar da ta ci shasi har tsinin sukudireba ke nutsewa, ka yi sallama ka tafi, komai arahar motar.

Tayoyi ma suna magana. A gefen kowace akwai lambobi 4 a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Taya mai zane da kyau amma ta haura shekara 6 ta fara bushewa, wadda ta kai 10 kuwa ta gama aiki. Idan gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, akwai matsalar alaimen ko bushin ko tsohon karo. Idan tayoyi huɗu kamfani huɗu ne, ka san yadda mai motar ke kashe mata kuɗi.

Gwajin tuƙi

Zagaye ɗaya a layi ba gwaji ba ne. Ka nemi aƙalla minti 30, rediyo a kashe, ka haɗa da hanya mai gargada da babban titi. A mai giyar hannu, sa giya ta 4 ko ta 5 kana tafiya a hankali, sai ka take totur sosai. In ƙarar injin ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na sulɓi. Canja daga giya ta 1 zuwa ta 2 da ɗan hanzari, in ka ji ƙarar "ƙurrr", haƙoran daidaita giya sun ci, kuma ta 2 ce ke fara mutuwa a motar da aka wahalar. A wuri mai fili ba kowa, taka birki da ƙarfi: kada sitiyari ya yi rawa, kada motar ta ja gefe. A kan gargada ka saurari ƙwanƙwasa daga ƙasa.

Da kun dawo kada ka kashe ta. Bar ta tana aiki a tsaye minti 10 da na'urar sanyi a kunne, idonka a kan allurar zafi, kunnenka a kan fankar lagireto ka ji ta kama. Wannan shi ne gwajin cunkoso, kuma shi ne rayuwar da za ta yi a hannunka. Sannan ka kashe, ka jira kaɗan, ka sake tayarwa. Injin da ke jan ƙafa wajen tashi alhali yana da zafi, musamman na RX-8, mai yiwuwa ƙarfin matsinsa ya ragu.

Bakanikenka, ba nasa ba

In ta tsallake duk wannan, kai ta wurin bakaniken da kai ka zaɓa, ka biya shi ladansa. A ɗaga ta sama a duba ƙasa. A gwada matsin kowace silinda, bai kamata bambancinsu ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. A jona mata na'urar karanta kwamfuta. Motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 duk suna da wannan soket, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Ka ce masa ya duba ko an goge bayanan kwanan nan, domin na'urar tana nuna gwaje-gwajen da kwamfutar motar ba ta kammala ba tun bayan gogewa. Mai motar da ya ƙi yarda da wannan dubawa ya sauƙaƙa maka hukunci. Abin da bakanike ya lissafo kuma shi ne makaminka na ciniki, ka rage kuɗin gyaran daga farashi, abu-abu.

Satin farko

Duk abin da babu rasit ɗinsa, ka ɗauka ba a yi ba. Juye baƙin mai da filta, da irin kaurin da littafin motar ya faɗa. Canza ruwan lagireto da irin wanda kamfani ya ce, ba ruwa zalla ba, kuma kada a gauraya kala biyu. Man birki yana tsotsar damshi daga iska: nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma da ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155, don haka ake canza shi duk shekara 2. Sai man giya, da man difaranshal in mai jan baya ce, da fulogi, da filtar iska.

Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, shi ne abin da ba a jinkirtawa. A injina da yawa, in ya tsinke fistin zai daki bawul, aikin ya koma na sauke kan inji. Tsofaffin MX-5 na zubi na 1 da na 2 suna cikin masu sa'a, in ya tsinke tsayawa kawai suke yi, amma Golf GTI ba ta da wannan rangwame. In za a canza, a haɗa da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin lokaci guda, tunda wuri ɗaya ake kwancewa. Mai E46 kuwa, injinsa sarƙa gare shi ba bel ba, sai ya juya wannan kuɗin ga sabunta kayan sanyaya injin tun ba su fashe ba.

A kan taya kada ka yi rowa. Da yawan waɗannan motoci masu jan baya ne, kuma an yi su kafin na'urar hana zamewa ta zama dole, wato 2012 a Amurka da 2014 a Tarayyar Turai. A jiƙaƙƙen titi, in ka take totur a tsakiyar kwana, bayan motar zai iya juyowa, kuma tayar kirki ce kaɗai ke tsakaninka da gefen hanya.

Riƙon yau da gobe

Da safe ba sai ka bar ta tana ruri a tsaye minti 10 ba. Tashe ta, jira kamar rabin minti, ka tafi a hankali, kada allurar juyin inji ta wuce 3,000 sai zafi ya daidaita. Ka sani baƙin mai ya fi ruwa jinkirin ɗumama, don haka ka ƙara 'yan mintuna bayan allura ta kai tsakiya. In mai turbo ce kuma ka yi gudu, sassauta a kilomita na ƙarshe kafin ka kashe. A cunkoso ka cire giya ka ɗage ƙafa daga kuloci, kada kuma ka riƙe mota da shi a kan tudu, aikin birkin hannu ne.

Duk sati ka duba baƙin mai da ruwa, injin a sanyaye, a wuri mai daidai. Tsohon inji yana iya shan mai kaɗan-kaɗan ba tare da ɗigo ko hayaƙi ba, don haka lita ɗaya ta zauna a but. Iskar taya duk sati biyu, da ma'aunin da ke jikin ƙofar direba. Tunda zirga-zirgar gari na cikin abin da kamfanoni ke kira aiki mai tsanani, ka riƙa juye mai kafin iyakar da littafi ya sa, kuma kada ya wuce shekara ko da ba ka yi tafiya ba. Lokaci-lokaci ka hau babban titi ka ba ta rabin sa'a tana tafiya sosai, yana taimaka wa batir da salansa da injin baki ɗaya. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 in injin na aiki. Ɗan littafi a aljihun mota, kana rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka canza, zai hana ka biyan gyara ɗaya sau biyu, kuma ranar sayarwa shi zai ɗaga mata daraja.

Sabuwar ƙara, sabon wari, ko ɗigo a inda take kwana, ka kai a duba cikin satin. Amma akwai alamu biyu da ba sa jira ko na minti ɗaya: jar fitilar baƙin mai, da allurar zafi ta doshi ja. Ko ka makara a wurin aiki, ka gangara gefe ka kashe injin nan take. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona ka. Jira ya huce, ka duba, in ba ka ga dalili a fili ba ka kira motar ja.